Mabiya 50,000, amma babu lambar kwastoma ko ɗaya: haɗarin jingina kasuwa da soshiyal midiya kaɗai

Da yammacin Litinin 4 ga Oktoban 2021, wajen ƙarfe biyar saura a agogon Najeriya, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda a duk faɗin duniya. Da farko kowa kamfanin layinsa ya ɗora wa laifi. Wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka sake sayen data alhali ta hannunsu ba ta ƙare ba. Sai daga baya ta bayyana cewa matsalar daga cikin gidan Facebook take: wani gyara da aka yi wa na'urorin da ke haɗa cibiyoyin adana bayanansa ne ya yanke su daga sauran intanet. An shafe kusan awa 6 kafin abubuwa su fara dawowa.

Ga mai hira da abokai, wannan hutun dole ne na yamma ɗaya. Ga mai sayar da atamfa ko turaren wuta ko takalma ta waya kuwa, kasuwa ce ta tashi ba shiri. Hotunan kaya suna ciki, farashi yana ciki, odar da aka yi rabin magana tana ciki, har kwatancen gidan da za a kai kaya. Wanda ya san kwastomominsa da sunan Instagram kawai bai da hanyar da zai ce musu ko sannu.

Abin ya faru ne a tsakiyar wata rufewar. Tun ranar 4 ga Yunin shekarar gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban, kuma ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022, wato kwana 222. Masu sayar da kaya a can sun koma shiga da VPN, amma yawancin masu saye ba su bi su ba. A watan Satumban 2021 kuma an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A can babu intanet, babu kira, babu tes, na tsawon makonni. Cikin shekara ɗaya ke nan ƙofa ta rufu ta fuska uku: kuskuren kamfani, umarnin gwamnati, da yanke layin kansa. A ko ɗaya ba a tambayi ɗan kasuwa ra'ayinsa ba.

Rumfar haya

Shafin Instagram ko TikTok rumfa ce a kasuwar wani. Mai kasuwar bai karɓi kuɗin haya ba, shi ya sa ake mantawa da cewa haya ce. Amma shi ke yanke hukuncin layin da jama'a za su bi, da rumfar da za su gani, da ranar da za a kulle ƙofa. Meta, sunan da kamfanin Facebook ya koma a Oktoban 2021, shi ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Don haka wanda ke alfahari da cewa yana talla a wurare uku, sau da yawa rumfuna uku ne a hannun mai gida ɗaya.

Rufewa kwatsam ita ta fi ɗaukar hankali, amma raguwar da ke zuwa a hankali ta fi cin kuɗi. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Facebook zai riƙa fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni da gidajen jarida. Ma'anarsa a aikace ita ce, mutum ya sha wahala ya tara mabiya, amma idan ya ɗora hoton sabon kaya wani yanki ne kawai daga cikinsu zai gani. Sauran sai ya biya. Maɓallin Boost da ke leƙowa ƙarƙashin kowane rubutu ba ado ba ne, ta nan kuɗin hayar ke fita. Tun Janairun 2022 kuma ana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tallan Meta a Najeriya.

TikTok ma bai ɓoye tsarinsa ba. Kamfanin ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da ke sa bidiyo ya hau shafin For You kai tsaye. Wannan albishir ne ga sabon shiga, domin bidiyonsa na farko zai iya kaiwa ga dubban mutane. Amma gargaɗi ne ga tsohon hannu: mabiyan da ya tara ba su ba shi tabbacin komai ba a bidiyon gobe. Masu sana'a a Indiya sun ga ƙarshen wannan lissafi ranar 29 ga Yunin 2020, lokacin da gwamnatinsu ta haramta TikTok tare da wasu manhajojin China. Ƙasar tana da masu amfani da shi kusan miliyan 200 a lokacin, kuma har yau bai dawo ba.

Najeriya ma ta leƙa bakin wannan ramin. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025, kuma a takardun da kamfanin ya gabatar wa kotu ya nuna cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba a kai ga rufewar ba. Amma duk mai shagon da ya karanta labarin ya tambayi kansa inda zai samu kwastomominsa washegari, ya yi wa kansa tambayar da ta dace.

Abin da ta iya, babu mai yi kamarta

Duk da haka, shawarar cewa a bar soshiyal midiya shawarar banza ce. Babu wata kafa da ta taɓa ba ƙaramin ɗan kasuwa damar da ta ba shi. Yarinyar da ke haɗa humra a ɗakin mahaifiyarta a Zariya za ta iya samun mai saye a Abuja ko Maraɗi ba tare da ta kama shago ba. Matan aure da yawa da ke sana'a daga cikin gida, waɗanda a da sai sun ɗora wa yaro faranti ya zaga unguwa, yanzu wayar ce farantin, kuma tana zuwa inda ƙafar yaro ba ta kaiwa. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano idan ya ɗauki bidiyon yadda ya tayar da wayar da ta faɗa ruwa, ya ba da hujjar da allon shago ba zai iya bayarwa ba. Gani ya kori ji.

Wato aikin da ta ƙware a kai shi ne sa baƙo ya san da mutum. Inda take da rauni shi ne riƙe wanda ya riga ya sani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora mata aikin biyu, a zauna ana jiran tsarin lissafin manhajar ya sake nuna wa tsohuwar kwastoma sabon kaya. Wannan mata ta riga ta biya kuɗi, ta karɓi kaya, ta ji daɗinsu. Ita ce mafi sauƙin sake sayar wa. Barin ta a hannun sa'a asara ce, ko da ba a gan ta a littafin ciniki ba.

Saboda haka ma'aunin da ya fi amfani shi ne wannan: duk bidiyo ko hoton da aka ɗora ya zama yana tura mai kallo mataki ɗaya zuwa wurin da mai kaya ke da iko. Ya turo saƙo, ya ajiye lamba, ya zo shago, ya bar sunansa. Bidiyon da mutum 100,000 suka kalla amma babu wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, TikTok ya yi wa aiki.

WhatsApp: ya fi kusa, amma ba gida ba ne

Mafi yawan masu sayarwa ta waya a Arewa sun riga sun gane rabin wannan darasi, shi ya sa ciniki ke ƙarewa a WhatsApp ko da a Instagram ya fara. Dalilin a fili yake: a nan akwai lambar waya, kuma lambar waya abu ne da za a iya kwafewa a fita da shi. WhatsApp Business, wanda ya fito a Janairun 2018, kyauta ne, kuma yana da kundin jera kaya da farashi, da saƙon maraba, da amsoshin da aka tanada, da alamomin rarraba mutane, kamar sabon kwastoma, wanda ya biya, da wanda ake bin sa ciko. Abin mamaki ne yawan masu sana'ar da har yanzu suke ciniki da WhatsApp ɗin hira, odar buhun shinkafa tana nutsewa tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan biki.

Sai dai kowace ƙofa a cikinsa tana da sharaɗinta. Sitatus awa 24 yake yi, kuma ba ya kaiwa sai ga wanda ya ajiye lambar mai kaya, shi ma mai kayan ya ajiye tasa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambar mai aikawa ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Wannan ne ya sa 'yar gajeriyar roƙon nan ta "Hajiya, don Allah a ajiye lambarmu" ta fi dogon talla daraja. Tashoshin WhatsApp da aka ƙaddamar a 2023 suna ɗaukar jama'a ba iyaka, amma suna ɓoye wa mai tashar lambobin mabiyansa. Ta wannan fuskar tashar ba ta da bambanci da shafin Instagram.

Akwai kuma haɗarin da ya fi faɗuwar kamfani kusa, wato sace asusu. Dabarar tsohuwa ce amma har yanzu tana ci. Wani ya kira da murya mai daɗi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiya yake, za a yi taro ta intanet, an turo lambobi 6 na shiga, a karanto masa. Waɗannan lambobin su ne makullin WhatsApp ɗin. Da zarar an karanta, asusun ya koma hannunsa, kuma abu na farko da zai yi shi ne tura wa kwastomomi sabuwar lambar asusun banki. Kunna tabbacin mataki biyu a cikin saitin manhajar ba ya cin minti biyu. Haka kuma layin da aka buɗe kasuwanci da shi ya zama an yi masa rajista da sunan mai kasuwar da lambar NIN ɗinsa, ba na wani yaron shago da zai iya barin aiki gobe ba. Waɗanda aka toshe wa layi a 2024 saboda rashin haɗa shi da NIN sun san yadda rana ɗaya babu layi take. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi ma kamfani na iya sake sayar da shi ga wani.

Tura saƙon talla ga baƙin lambobi barkatai shi ma hanya ce ta rasa asusu, domin idan mutane suka yi ta kai ƙara WhatsApp na rufe lambar. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Littafin da babu mai iya rufewa

Kadarar da ta fi kowace ƙarfi a kasuwancin waya ba ta da kyan gani: jerin sunayen waɗanda suka taɓa saye, da lambobinsu, da garinsu, da abin da suka saya, da ranar da suka saya. Ana iya rubuta shi a Google Sheets ko Excel, ana iya rubuta shi a littafi mai bango mai ƙarfi, kuma wanda ya haɗa biyun ya fi kwanciyar hankali. Tsofaffin 'yan kasuwar Kantin Kwari da ke da abokan ciniki daga Nijar da Chadi da Kamaru ba su jira manhaja ta koya musu wannan ba. Sun san wanda ke zuwa gabanin azumi, da irin shaddar da yake ɗauka, da wanda za a iya ba bashi. Abin da waya ta ƙara shi ne sauƙin bincike da sauƙin kwafi.

Amfanin jerin yana fitowa ne wajen zaɓar wanda za a yi wa magana. Tela ba ya buƙatar sababbin mabiya a goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da ɗinki ya riga ya fi ƙarfinsa. Abin da yake buƙata shi ne a watan Sha'aban ya tuntuɓi waɗanda suka kawo ɗinkin sallar bara, ya ce su kawo da wuri. Mai sayar da kayan jarirai da ta rubuta cewa wata ta sayi kayan ɗan wata uku, ta san abin da matar za ta nema bayan wata shida. Babu tallan kuɗi da zai kai wannan daidaito, domin bayanin ba ya hannun Meta, yana hannun mai kaya.

Daga jerin ne saƙon tes ke samun ƙarfinsa. Matasa na yi masa kallon abin da ya wuce, amma yana shiga kowace irin waya, har ƙaramar Itel mai madannai, kuma ba ya buƙatar data. Ranar 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, manhajojin bankuna suka yi ta gardama. Kira da tes na cikin gida kuwa ba ta waɗannan wayoyin suke bi ba.

Akwai wani sirri a tes da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka. Amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko wani ɗan hoton murmushi, tsarin rubutun yana sauyawa, iyakar ta faɗo zuwa haruffa 70. Saƙon da aka zata ɗaya ne sai ya zama biyu ko uku, a caje shi haka. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data da tes a Janairun 2025, wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai aika wa mutum ɗari biyar. A tes ɗin talla, a haƙura da ƙugiya, a zaɓi kalmomin da ba za su rikita mai karatu ba idan babu ita.

Jerin amana ne kuma, yana da doka a kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba kowa 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tura masa talla. Tun 2016 ma NCC ta ware lambar 2442 domin masu son toshe saƙonnin da ba su nema ba. Sayen tarin lambobi daga hannun wani, ko kwashe na zauren da mutum yake ciki, ba gina jeri ba ne, jawo wa kai tsinuwa ne. Lamba ɗari da masu su suka bayar da kansu sun fi dubu goma da aka tsinto.

Rediyo, taswira da bakin mutane

Wanda ke sayar da taki ko irin shuka ko injin ban ruwa, ya zauna yana ƙirga masu danna alamar so a Instagram, ya ɓata hanya. Manomin da zai sayi kayansa ya fi yiwuwa a same shi da rediyo a gefe. Tun da Freedom Radio ya fara watsa shirye-shirye a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kuma shirye-shiryen siyasa da na kiran waya suna tara jama'ar da ba ta da lokacin TikTok: direbobi, 'yan kasuwa, matan gida, dattawa masu riƙe da kuɗin cefane. Galibin wayoyin Tecno da Itel da Infinix ma suna zuwa da rediyon FM a ciki, wanda ba ya cin data ko kaɗan. Lokacin da aka katse layuka a Zamfara, rediyo bai tsaya ba.

Rediyo yana da tsada idan aka kwatanta da bidiyon da aka ɗauka kyauta, kuma sanarwa ɗaya tak ba ta yin komai, sai an maimaita. Amma yana ba da abin da shafin intanet ke wahalar bayarwa, wato yarda. Mai sauraro yana ɗauka cewa wanda ya je gidan rediyo ya biya, yana da inda za a same shi. Masu sayar da magani da kayan gyaran jiki su lura: tallan irin waɗannan kaya yana buƙatar amincewar NAFDAC, kuma dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta 2022 ba ta ware intanet ba.

Maganar yarda ta kai ga taswira. Babban abin da ke hana mutum tura kuɗi ga shafin da bai sani ba shi ne tsoron damfara, kuma tsoron yana da dalili. Sa shago a Google Maps ta hanyar Google Business Profile kyauta ne: suna, hoto, lokacin buɗewa, lambar waya, da ra'ayoyin waɗanda suka saya. Bambancinsa da soshiyal midiya shi ne, wanda ya rubuta "gyaran waya kusa da ni" ya riga ya fito da niyyar biya, ba nishaɗi ya zo nema ba. Haka masu bincike a Jiji. Su ma waɗannan rumfunan haya ne, amma a kasuwar wani mai gidan daban, kuma ba rana ɗaya suke rufewa da Meta ba. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana ƙara wani tubali, domin tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan shagon. Mai saye ya fi sakin jiki idan sunan da ya bayyana lokacin tura kuɗi shi ne sunan da ya gani a shafi. Shafin intanet na kai mai adireshin .ng yana da kyau ga wanda kasuwarsa ta girma, amma ga mai sayar da dambun nama daga gida, ba shi ne na gaba a layi ba.

Na gaba a layinta shi ne sitika. Robar dambun da aka kai gidan suna tana wucewa ta hannun mata goma. Idan akwai suna da lambar waya a jikinta, ko alamar QR da WhatsApp Business ke bayarwa kyauta, kowace daga cikinsu ta samu hanya. Idan babu, sai dai a ce "wata ce a Instagram", a manta. Leda mai suna, kati a cikin kwalin takalmi, rubutu a bayan A Daidaita Sahu, rumfa a baje kolin KACCIMA na Kano ko na KADCCIMA a Kaduna, duk aikinsu ɗaya: su sa bakin mutane ya samu abin da zai miƙa. Tallan da ya fi kowane tasiri a Arewa har yanzu shi ne "ni ma a wurinta na saya", a gidan biki ko a Islamiyya ko a majalisa. Ba a sayensa da kuɗi, amma ana iya sauƙaƙa masa hanya, ana kuma iya gode wa wadda ta kawo ƙawarta da ɗan ragi ko gyara.

Lissafin da ke raba gardama

Babu wani kaso da za a ce shi ne daidai ga kowa, rabi nan rabi can. Mai lalle da kwalliya kusan duk ƙarfinta a hoto yake. Mai sayar da siminti kusan ba ya buƙatarsa. Abin da zai nuna wa kowa nasa kason tambaya ce guda da ake yi wa duk wanda ya biya kuɗi: "A ina aka ji labarinmu?" A rubuta amsar kusa da sunansa. Wanda ke da waya mai layi biyu zai iya ba da lamba ɗaya a rediyo, ɗaya a intanet, ya ga wacce ta fi ƙara. Wanda zai biya wani fitaccen ɗan TikTok ya tallata masa kaya zai iya ba shi wata kalma ta musamman da masu saye za su ambata don samun ragi. Idan wata ya wuce babu wanda ya ambace ta, an samu amsa, komai yawan waɗanda suka kalli bidiyon.

A ce mai sayar da takalma ya kashe naira 20,000 a tallan Instagram, mutum 5 suka saya. Kowane kwastoma ya tsaya masa a naira 4,000. Idan ribarsa a takalmi ɗaya naira 3,000 ce, ya faɗi da naira 5,000 a wannan zagayen, ko da shafinsa ya cika da yabo. Amma idan ya karɓi lambobin mutanen biyar, uku daga cikinsu suka dawo gabanin salla saboda saƙon da bai ci masa naira 50 ba, ribar 9,000 ta shigo, faɗuwar ta koma riba. Tallan ɗaya ne a duka biyun. Bambancin shi ne ko an rubuta lambobin ko ba a rubuta ba.

A cikin lissafin a sa lokaci da data. Awa uku da aka ɓata wajen ɗaukar bidiyo da gyara shi a CapCut awa uku ne da ba a amsa saƙon mai tambayar farashi ba, kuma mai tambayar farashi ba ya jira, yana da wasu shafuka biyar a buɗe. A sa kuma waɗanda suka tambaya ba su saya ba, domin idan bidiyo na kawo tambaya ɗari ciniki biyu, wataƙila jama'ar da yake kaiwa ba masu sayen irin wannan kaya ba ne, ko suna garin da kuɗin mota ya fi kuɗin kayan.

Bayan wata uku ana rubutawa, shafin littafin zai nuna abin da allon waya ba ya nunawa. Wani zai tarar cewa TikTok ne ke kawo masa baƙi amma sitatus ne ke sa su biya. Wani zai tarar cewa rabin cinikinsa daga mutum goma sha biyu yake fitowa, waɗanda bai taɓa kiran ko ɗayansu ya yi masa barka da salla ba.